Akwatin Tambaya: Me Na'ura Ta Ɗauko Daga Ƙwaƙwalwar Ɗan Adam?

Assalamu alaikum masu karatu. A fitowar da ta gabata na yi bayanin manhajojin hira irin su ChatGPT, na ce ginshiƙinsu wata raga ce ta lissafi da ake kira ragar jijiyoyi. Tun daga nan saƙonni suke shigowa, yawancinsu kuma wuri ɗaya suka dosa: ina haɗin ƙirƙirarriyar basira da ƙwaƙwalwar da ke cikin kanmu? Ga waɗanda fili ya ɗauka. Sauran su yi haƙuri, suna nan a ajiye.

TAMBAYA: Malam, ina aji uku a karatun likita. A darasin fisiyoloji an koya mana yadda ƙwayoyin jijiya suke aika saƙo. Yayana da ke karatun kwamfuta ya ce wai su ma na'urorinsu da niyuron suke aiki, har ya ce ƙwaƙwalwa suka kwafa sak. Mun yi ta musu. Gaskiya ne ko cika baki ne?
Daga wata ɗaliba, Zariya

'Yata, yayanki yana da hujja, amma taki ta fi ƙarfi. Bari in fara da tasa.

A 1943, a birnin Shikago na Amurka, Warren McCulloch, masanin jijiyoyi, da Walter Pitts, wani saurayi ɗan shekara 20 da ya koya wa kansa lissafi, suka ɗauki ƙwayar jijiyar da kike karantawa suka rage ta zuwa abu uku. Tana karɓar saƙo daga 'yan'uwanta, tana tara shi, in ya kai wani miƙdari sai ta harba nata, in bai kai ba ta yi shiru. A 1949 Donald Hebb na Kanada ya ƙara da cewa koyo yana zaune ne a mahaɗar da ke tsakanin ƙwayoyin: in wannan ta yawaita tayar da waccan, mahaɗarsu sai ta ƙara ƙarfi. A 1958 Frank Rosenblatt, wanda shi ma ilimin halayyar ɗan Adam ya karanta, ya haɗa waɗannan ra'ayoyi ya fito da abin da ya kira Perceptron. Na'urar da aka ƙera masa tana da idanun lantarki 400, kuma ƙarfin kowace mahaɗa wani maɓalli ne da ƙaramin inji yake murzawa duk lokacin da ta yi kuskure. Har yau abin da ake nufi da horar da na'ura ke nan, sai dai maɓallan sun koma lambobi, sun kuma kai biliyoyi.

Amma aron da ya fi kowanne albarka daga idon kyanwa aka yi shi, kuma ina so ki san labarin da kyau don naku ne ku masu fisiyoloji.

A 1958 David Hubel da Torsten Wiesel suna aiki a Jami'ar Johns Hopkins da ke Baltimore. Sukan yi wa kyanwa allurar barci, idonta a buɗe, su zura wata siririyar waya cikin sashen gani da ke ƙeyar ƙwaƙwalwarta har ta kusanci ƙwaya ɗaya tak. An jona wayar da lasifika, don haka duk sanda ƙwayar ta harba saƙo sai a ji ƙara, kar-kar-kar. Suka yi ta haska ɗigon haske da ɗigon baƙi cikin idonta, awa bayan awa, ƙwayar ta ƙi cewa komai. Ɗigon nan a jikin wani ɗan gilashi yake, wanda ake zurawa cikin na'urar haskawa. Ana cikin zura gilashin sai lasifika ta ɓarke da ƙara. Suka dawo da ɗigon, shiru. Suka sake zura gilashin, ƙara. Sai da suka daɗe suna juya abin kafin su gane cewa ƙwayar ba ruwanta da ɗigo. Bakin gilashin ne yake jefa wata siririyar inuwa a miƙe, kuma wannan layin, in ya gitta a wata karkata ta musamman, shi ƙwayar take jira.

Daga nan suka bi ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya. Wata layin tsaye take amsawa, wata na kwance, wata wanda ya ɗan jirkice. Sun kuma sami wasu a gaba da waɗannan, masu tattara rahoton na farko, waɗanda suke amsa layin ko da ya ɗan gusa daga wurinsa. Ashe gani hawa-hawa ake gina shi: gefe da layi tukuna, sannan a haɗa su su ba da siffa. Wannan aiki ya ba su kyautar Nobel a 1981.

Wani injiniya a Japan, Kunihiko Fukushima, da ke aiki a sashen bincike na gidan rediyo da talabijin na NHK, ya karanta aikinsu ya gina raga a kan wannan tsari a 1980, har ya raɗa wa hawa-hawanta sunayen ƙwayoyin nan iri biyu. A 1989 Yann LeCun, Bafaranshe a Bell Labs, ya horar da irin wannan raga ta karanta lambobin da mutane suka rubuta da hannu a bayan ambulan, daga baya bankunan Amurka suka riƙa karanta cak da ita. A 2012 ɗaliban Geoffrey Hinton biyu a Jami'ar Toronto suka shiga gasar tantance hotuna ta ImageNet, mai hotuna sama da miliyan 1 a rukuni 1,000, da babbar raga irin wannan. Kuskurensu kashi 15 ne cikin 100, wanda ya zo na biyu kashi 26. Guguwar da muke ciki yau daga nan ta taso.

Akwai hoton da nake nuna wa ɗalibaina duk shekara, kuma har yanzu yana taɓa ni. In aka buɗe hawan farko na wannan raga ta 2012 aka duba abin da ta koya, sai a ga ƙananan akwatuna jere, a cikin da yawa daga cikinsu layi ne: na tsaye, na kwance, na karkace. Ba wanda ya rubuta mata ta nemi layi. Da kanta ta iske abin da Hubel da Wiesel suka ji a kan kyanwa shekaru 54 kafin nan.

To yanzu ga taki hujjar. Hanyar da ake gyara lambobin raga, wadda Rumelhart da Hinton da Williams suka yaɗa a 1986, tana auna kuskure a ƙarshe ne, ta bi da shi baya ta kan mahaɗan da saƙo ya biyo, tana gaya wa kowace gwargwadon laifinta. Ke kin san mahaɗar jijiya gaba kawai take tura saƙo. Francis Crick, mai aikin DNA ɗin nan, ya faɗi wannan ƙorafi tun 1989. Sannan ita kanta ƙwayar: a 2021 masu bincike a Jami'ar Hebrew ta birnin Ƙudus suka gwada kwaikwayon ƙwaya ɗaya tak ta ƙwaƙwalwar ɓera, sai da suka gina raga mai hawa 5 zuwa 8 kafin ta yi abin da wannan ƙwaya ɗaya take yi. Tsarin da manhajojin hira suke kai kuwa, wanda ma'aikatan Google suka fitar a 2017, an ƙirƙiro shi ne don fassara ta yi kyau kuma lissafi ya yi sauri a kan na'ura, ba daga ɗakin fiɗa ya fito ba. Ki gaya wa yayanki an samo haske daga ƙwaƙwalwa, haske mai yawa kuwa, amma kalmar sak ɗin nan ya janye ta.

TAMBAYA: Allah ya ƙara basira. Ni malamin tsangaya ne. Mu a wajenmu yaro in ya yi ta ƙari ba ya tishi, na baya zubewa yake yi, kuma ya zo a hadisi cewa Alƙur'ani ya fi raƙumi saurin kuɓucewa daga dabaibayinsa. Ɗana ya ce mini na'ura ba ta mantuwa ko kaɗan. In haka ne ai ta fi mahaddaci ke nan. Ina neman bayani.
Daga wani alaramma, Haɗeja

Allah ya gafarta Malam. Ɗanka ya haɗa abu biyu ne wuri ɗaya. Ajiya daban, koyo daban. In aka sa Mus'hafi a waya, yana nan harafi da harafi har wayar ta lalace, amma wayar ba ta san abin da ke ciki ba. Ragar da ke koyo kuwa, abin da ta sani a cikin ƙarfin mahaɗanta yake, kuma sabon darasi waɗannan mahaɗan dai zai taɓa. A 1989 Michael McCloskey da Neal Cohen suka koya wa wata raga tara lambobi da 1 har ta iya, sannan suka koya mata tarawa da 2. Da suka waiwayi darasin farko, sai suka tarar ya rushe. Mantuwar raga ta fi ta kolo muni, domin shi a hankali nasa yake zuba, ita kuwa lokaci ɗaya.

Maganin da aka samu, daga binciken ƙwaƙwalwa aka samo shi. A 1953 a Amurka aka yi wa wani saurayi mai suna Henry Molaison tiyata saboda farfaɗiya mai tsanani, aka cire masa wani sashe da ake kira hifokamfas a ɓangarorin kai biyu. Farfaɗiyar ta yi sauƙi. Hankalinsa lafiya lau, yana tuna ƙuruciyarsa, amma daga ranar bai ƙara riƙe sabon al'amari ba. Brenda Milner, wadda ta shafe shekaru tana nazarinsa, duk zuwan da ta yi sai ta sake gabatar masa da kanta. Aka fahimci cewa sabon abu a hifokamfas yake fara sauka, tsoho kuma ya riga ya ƙaura zuwa wani wuri.

Yaya ake wannan ƙaura? A 1994 Matthew Wilson da Bruce McNaughton a Jami'ar Arizona suka sa wayoyi a hifokamfas ɗin ɓeraye suna sauraron ƙwayoyi da yawa a tare. A wannan sashe akwai ƙwayoyin da kowace take da wurinta: in ɓera ya iso wannan lungu wannan ce za ta harba, in ya iso wancan wata ce. Ɓera ya yi yawonsa yana neman abinci, ya gaji, ya kwanta. Yana cikin barci sai ga ƙwayoyin da suka yi aiki tare a farke suna sake harbawa tare. Binciken da ya biyo baya ya nuna har jerin ma ana maimaitawa, da sauri fiye da yadda ya faru. Ƙwaƙwalwa tishi take yi cikin barci, Malam. A 1995 James McClelland da McNaughton da Randall O'Reilly suka tsara bayanin: sashe ɗaya yana kama sabon abu da sauri, sannan ya riƙa biya wa ɗaya sashen a hankali, yana cakuɗa shi da tsofaffi, don kada sabo ya ture na da.

Demis Hassabis, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin DeepMind a Landan a 2010, digirinsa na uku a kan hifokamfas ya yi shi. A 2015 kamfanin ya fitar da raga da ta koyi wasannin kwamfuta 49 daga kallon allo kawai. Cikin dabarun da suka sa ta yi nasara akwai rumbu da take zuba abubuwan da suka faru da ita, har miliyan 1, tana ɗebo su a gauraye tana sake bita. Da aka cire mata wannan rumbu, sai ƙoƙarinta ya faɗi ƙasa warwas.

Duk da haka matsalar ba ta ƙare ba. Abin da mutum ya gaya wa manhajar hira yau ba ya shiga mahaɗanta nan take, sai dai a ajiye mata shi a gefe a matsayin rubutu. Gardin da ke ƙari da safe, ya yi tilawa da dare, ya shekara a haka ba tare da izu na farko ya zube ba, yana yin abin da injiniyoyi suke nema har yanzu.

Ina da roƙo ɗaya, tunda Allah ya kawo mu nan. In har cikin barci ake kafa karatu, to yaron da ya kwana a takure cikin sanyi, ko aka tashe shi bai samu rabin abin da jikinsa ke buƙata ba, an rage masa haddarsa ne tun kafin ya ɗauki allo. Na san halin da tsangayu suke ciki, na kuma san ba a hannun malamai kaɗai abin yake ba. Amma wurin kwanan ƙolawa yana cikin kayan karatu, daidai da allo da tawada, kuma iyaye da masu hali su ji wannan.

TAMBAYA: Na ji a rediyo an ce ana horar da na'ura ta hanyar ba ta lada. Abin da ba ya jin daɗi ba ya jin zafi, wane lada za a ba shi?
Daga wata shugabar makarantar firamare, Gombe

Malama, ladan lamba ce kawai. In na'ura ta ci wasa a rubuta mata 1, in ta faɗi a rubuta 0, an kuma gina ta ne ta riƙa gyara kanta don lambar ta ƙaru. Tushen ra'ayin daga nazarin dabbobi ne. A 1898 Edward Thorndike ya riƙa kulle kyanwa mai jin yunwa a akwati, abinci a waje, ya lura cewa motsin da ya buɗe ƙofa shi take saurin maimaitawa a karo na gaba.

Richard Sutton da Andrew Barto suka mayar da wannan lissafi, kuma a 1988 Sutton ya fitar da wata ƙa'ida: abin da ke koyarwa shi ne tazarar da ke tsakanin abin da aka zata da abin da aka samu. A nan abin ya juya, na'ura ce ta yi wa ƙwaƙwalwa bayani. Wolfram Schultz a Fribourg ta ƙasar Siwizalan yana sauraron ƙwayoyin dofamin, wani sinadarin ƙwaƙwalwa mai alaƙa da lada, a kan biri. In aka ɗiga wa biri ruwan 'ya'yan itace ba zato, sai ƙwayoyin su ɓarke. In aka saba kunna masa fitila kafin ruwan, sai ɓarkewar ta koma kan fitilar, ruwan ya zo su yi kamar ba su gani ba. In kuwa aka kunna fitila aka hana ruwan, daidai lokacin da ya kamata ya zo sai su yi tsit, ƙasa da yadda suka saba. A 1997 Schultz da Peter Dayan da Read Montague suka nuna cewa wannan hali ya yi kama sosai da ƙa'idar Sutton. Irin wannan koyo na cikin abin da ya sa manhajar AlphaGo ta DeepMind ta doke Lee Sedol, gwanin Go, wani wasa mai kama da dara, da ci 4 da 1 a Koriya ta Kudu a watan Maris na 2016. Sutton da Barto kuma an ba su kyautar Turing, babbar lambar yabo ta ilimin kwamfuta, a 2025.

Abin da ke damuna a nan shi ne masu caca ta waya da masu tsara shafukan sada zumunta su ma sun karanta wannan darasi. Ladan da ba a san lokacin zuwansa ba shi ya fi riƙe mutum. Ki sa ido a kan yaranki manya ta wannan fuska.

TAMBAYA: Shin wannan aiki ba shisshigi ba ne cikin halittar Ubangiji?
Daga wani dattijo, Sakkwato

Baba, hukunci na malaman fiƙihu ne. Abin da ke hannuna shi ne in faɗa maka inda aka kai. Akwai wata 'yar tsutsa mai ƙwayoyin jijiya 302 kacal, an gama zana mahaɗanta tun 1986, kuma har yau ba a gina kwaikwayonta cikakke a kwamfuta ba. Taswirar ƙwaƙwalwar wani ɗan ƙaramin ƙuda, mai ƙwayoyi kusan 140,000, sai a 2024 aka kammala ta. A wannan shekarar dai Jami'ar Harvard da Google suka zana wani ɗan gutsure na ƙwaƙwalwar mutum mai girman milimita ɗaya ta kowace fuska, suka sami mahaɗa kusan miliyan 150 a cikinsa. Ni da kai kowannenmu yana ɗauke da ƙwayoyi kimanin biliyan 86. Duban yadda gani yake aiki kuwa ba baƙon abu ba ne a wajen Musulmi. Ibnul Haisam, haifaffen Basra da ya yi aikinsa a Alƙahira shekaru 1,000 da suka wuce, ya bayyana a Kitabul Manazir cewa haske ne ke shiga ido, kuma ganin ba ya cika sai hankali ya auna ya kwatanta da abin da ya sani.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni mai haɗa sola ne. Na karanta cewa kamfanonin nan har tashar nukiliya suke nema saboda wuta. Mu kuwa da koko da ƙosai muke tunani har azahar. Me ya sa ba za su kwaikwayi wannan ba?
Daga wani matashi, Zangon Kumasi

Ɗan'uwa, abin da ka karanta gaskiya ne. A 2024 Microsoft ya ƙulla yarjejeniyar sake tayar da wani injin nukiliya a Three Mile Island ta Amurka don cibiyoyin kwamfutocinsa. Ga lissafin a yarenka. Ƙwaƙwalwa wat 20 take ja, ko da yake a jiki ita ce mai ci: kashi 2 cikin 100 na nauyi, kashi 20 na ƙarfi. Katin lissafi ɗaya na kamfanin Nvidia, irin wanda ake horar da raga a kansa, samfurin H100, yana kaiwa wat 700. Kamfanin Meta ya horar da babbar ragarsa ta Llama 3.1 a kan irin wannan kati sama da 16,000. In duk suna aiki a ƙarshen ƙarfinsu, sun haura megawat 11 ke nan, ban da na sanyaya ɗaki.

Dalilai biyu ne manya. Na farko, a kwamfuta ma'ajiya na gefe ɗaya, mai lissafi na gefe ɗaya, kuma jigilar lambobi tsakaninsu tana cin wuta fiye da lissafin kansa. A ƙwaƙwalwa mahaɗar da ta riƙe abin ita ce take aiki da shi, ba jigila. Na biyu, ƙwayar jijiya ba ta magana sai da dalili. A kowane lokaci kaɗan ne suke harbawa, sauran suna hutawa. Katin lissafi kuwa agogonsa yana bugawa sau biliyan fiye da ɗaya a daƙiƙa.

An yi yunƙurin kwaikwaya, kuma akwai ɗan ƙasarku a sahun gaba. Carver Mead na Caltech ne ya buɗe fagen a ƙarshen shekarun 1980, ya ce a ƙera cif, wato ɗan guntun lantarkin da ke yin lissafi a kwamfuta, wanda zai yi aiki irin na jijiya. Cikin ɗalibansa akwai Kwabena Boahen, haifaffen Akara, yanzu farfesa a Jami'ar Stanford, wanda ya gina allon Neurogrid mai kwaikwayon ƙwayoyi miliyan 1 da 'yan wat kaɗan. A 2014 IBM ya fitar da cif ɗin TrueNorth, shi ma ƙwayoyi miliyan 1, da miliwat 70. A 2024 Intel ya haɗa Hala Point mai ƙwayoyi biliyan 1.15.

Me ya hana su cin kasuwa? Hanyar horarwar nan ta mayar da kuskure baya, da lambobi masu hawa da sauka a hankali take aiki, ba ta jituwa da saƙon da ke zuwa ɗis-ɗis. An ƙera jikin, amma ba a samo masa hanyar koyo mai ƙarfin waccan ba. Ni dai a ganina wannan fage ya fi shafar mu fiye da waɗanda suke da wuta awa 24. Na'urar da za ta duba hoton ƙirji a asibitin ƙauye da fanel ɗaya da batir ɗaya, ba tare da intanet ba, ta nan za ta fito.

TAMBAYA: Malam ina wuni. Ɗiyata shekararta uku, ba ta san ko harafi ɗaya ba, amma in ta yi Hausa ba ka jin gyara. Na gwada manhajar nan da aka ce ta karance littattafan duniya, sai ta riƙa mayar da mace namiji, tana jero magana kamar baƙo. Yaya ƙaramar yarinya ta fi ta?
Daga wata uwa, Damagaram

Uwargida, Allah ya raya ta. Tambayarki ita ce ta fi tsaya mini a rai, domin a nan ne nake ganin ƙwaƙwalwa ba ta gama ba da abin da za ta bayar ba.

Masu bincike suna ƙiyasta cewa yaro kafin ya kai shekara 13 kalmomin da ya ji ba su wuce miliyan 100 ba. Ragar Meta ta Llama 3 an ciyar da ita guntayen kalmomi sama da tiriliyan 15, ninki fiye da 100,000 ke nan, kuma mafi yawansu Turanci ne. Hausar da ke intanet ba ta taka kara ta karya ba a cikin wannan tuli, wani kaso nata ma fassarar na'ura ce aka sake zubawa. Raga mai buƙatar tiriliyoyi kafin ta iya harshe ba za ta taɓa ƙoshi da abin da muka rubuta ba.

Ɗiyarki kuwa da wata dabara ta zo. A 1996 Jenny Saffran da abokan aikinta a Jami'ar Rochester suka kunna wa jarirai 'yan wata 8 wasu gaɓoɓin sauti a jere babu tsayawa, na minti 2 kacal, kuma jariran suka gane inda kowace ƙagaggiyar kalma ta fara da inda ta ƙare. Wannan ɓangaren, wato lura da abin da ya saba bin wani, na'ura ma ta iya shi. Inda suka rabu shi ne ita yarinya da jikinta take koyo. Ranar da ta ji an ce zafi, hannunta na kusa da murhu kuma ta ga fuskarki. A 1963 Richard Held da Alan Hein suka rena 'yan kyanwa a duhu, suna fito da su haske bibbiyu a cikin wata na'ura mai juyawa. Ɗaya tana tafiya da ƙafarta, ɗayar tana zaune a kwando, tafiyar ta farko ce ke jan ta. Abin da idanunsu suka gani iri ɗaya ne. Mai tafiyar ta koyi auna nisa da zurfi, ta cikin kwandon ba ta koya ba sai da aka sake ta ta yi yawo da kanta. Manhajar hira a cikin kwando ta tashi.

An fara bin wannan sawu. A 2024 masu bincike a Jami'ar New York suka wallafa wani gwaji: an ɗaura wa wani yaro ƙaramar kyamara a ka lokaci-lokaci, daga wata 6 zuwa wata 25, aka tara bidiyo na awa 61, aka ba wata raga abin da ya gani da abin da ya ji kawai. Da wannan ɗan abin ta koyi haɗa kalmomi da dama da abubuwan da suke nufi. Ba ta iya magana ba, amma ta nuna cewa in ji da gani suka zo tare, ana rage buƙatar tulin rubutu. Akwai kuma gasar BabyLM da aka fara a 2023, wadda ta hana masu shiga wuce kalmomi miliyan 100. Duk nasarar da aka samu a irin wannan fage, masu harsuna irin namu ne za su fara cin moriyarta, shi ya sa nake tura ɗalibaina su karanta ilimin renon harshen yara tare da lissafinsu.

Kafin a kai can, akwai abin da za a yi yau. Matasanmu a ƙungiyoyin Masakhane da HausaNLP suna tattara Hausa ingantacciya don horar da na'urori, kuma shirin Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyi da Hausa. Da wayar hannu ake shiga, a karanta jimla, a saurari ta wasu a tabbatar ko daidai ce. Ki shiga, ki kuma ja maƙwabtanki mata, domin na'urar da ta koyi Hausa daga bakin mazan Kano kaɗai za ta yi ta tuntuɓe ranar da Badamagariya ta yi mata magana.